Yadda ake zaɓen maratayin talabijin na bango, da yadda ake ɗaura shi

Kusan duk mako sai wani ya tare ni da tambaya iri ɗaya, ko a masallacin unguwarmu a Kubwa, ko ta waya: "Malam, tawa inci 43 ce, wane hanga zan saya?" Tambayar takan yi yawa gab da Sallah, da lokacin da ake kai kayan amarya, da kuma sa'ad da kuɗin haya ya ƙare mutane suka fara kwashe kaya zuwa Lugbe, Karu ko Mararaba. Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki.

Inci shi ne abu na ƙarshe da za ka duba. Abin da ke yanke hukunci shi ne bayan talabijin ɗinka da bangon ɗakinka. A shekarun da na yi ina aikin wayarin da ɗaura irin waɗannan kaya, da wuya na ga ƙarfen da ya karye. Yawanci bango ne ke sakin noti, sai a wayi gari filasma na ƙasa, maratayin kuwa lafiyarsa ƙalau, yana manne a bayanta.

1. Juya talabijin, ka auna ramukan bayanta

Shimfiɗa bargo a kan katifa, ku kwantar da ita rub da ciki, ku biyu. A bayanta za ka ga ramuka huɗu na noti. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ake kira VESA, kuma da milimita ake lissafa ta. Ɗauki tef ka auna daga tsakiyar ramin hagu zuwa tsakiyar na dama, sannan daga na sama zuwa na ƙasa. Idan ka samu santimita 20 a kwance da 20 a tsaye, taka 200x200 ce. Lambar farko ta kwance ce, ta biyu ta tsaye.

Ƙananan talabijin, irin inci 24 da 32, sukan zo da 75x75, 100x100 ko 200x100. Masu matsakaicin girma sukan zo da 200x200 ko 300x300, manya kuma 400x300, 400x400 har 600x400. Amma kada ka yi cinki daga girman allo. A inci 55 kaɗai akwai mai 200x200, akwai mai 300x300, akwai mai 400x400, ya danganta da kamfani da samfuri. Maƙwabcinka na iya ba ka aron maratayin da ya zauna wa tasa daram, kai kuma ya ƙi taka.

Tun da ta riga ta kwanta, ɗauki hoton bayan da wayarka, har da takardar da ke manne mai lambar samfuri. Duba kuma inda ramukan HDMI, USB, eriya da na wuta suka fuskanta: gefe, ƙasa, ko baya sak. Za mu dawo kan wannan.

Gargaɗi: kada ka kwantar da ita a kan tayil ko tebur, kuma kada wani ya dafa bayanta da gwiwa. Gilashin na zamani siriri ne, ɗan dannawa kaɗan sai layi ya fito a allo, kuma babu garantin da ke ɗaukar wannan.

2. San nauyinta

Nauyin yana rubuce a kwali ko a littafin da ya zo da ita, iri biyu: da ƙafa da kuma ba ƙafa. Na biyun kake so. Idan kwalin ya ɓata, sa lambar samfurin a intanet. Na zamani ba su da nauyi sosai: inci 32 ba ta cika wuce kilo 5 ba, inci 43 wajen kilo 7 zuwa 9, inci 55 daga kilo 12 zuwa 18, inci 65 kuma ta kan kai 20 ko ta haura. Tsofaffin filasma na gaske, waɗanda ake sayowa na hannu, su ne masu nauyin tsiya. Mai inci 42 tana iya wuce kilo 20.

Sayi maratayin da aka rubuta yana ɗaukar fiye da nauyin taka nesa ba kusa ba. Ni dai ninki biyu nake nema, don ban yarda da duk abin da aka buga a kwali ba. Ka kula da ma'auni: wasu kwalaye da fam na Amurka suke rubutawa, za ka ga "lbs" a gaban lambar. Kilo ɗaya fam 2.2 ne, wato fam 110 kilo 50 ne kawai.

3. Bincika bangon

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kowa ke gaggawa.

Ƙwanƙwasa bangon da bayan sukudireba, ka saurara. Yawancin gidajen Abuja da bulon siminti mai rami aka gina su, inci 9 a bangon waje, inci 6 a na raba ɗakuna. Bulon kan kai inci 18 a tsawo, kuma cikinsa rami biyu ne, da nama a gefe da gefe da kuma tsakiya. Inda ka ji sauti "kwam-kwam" kamar ganga, rami ne. Inda ya yi "dib", ka samu nama ko fila, wato ginshiƙin kankare. Idan ka huda saitin rami, abin da zai riƙe notinka bai fi filasta da ɗan fatar bulo mai kaurin yatsa biyu ba. Idan bulon mai kyau ne, ya isa ga maratayi mai mannewa. Matsalar ita ce gidajen haya da yawa, musamman waɗanda aka gina da sauri a gefen gari, an ja buhun siminti ɗaya ya buga bulon da ya fi ƙarfinsa. Irin wannan da ɗan yatsa kake murje shi.

Gwajin da nake yi shi ne in huda ɗan ƙaramin rami a inda talabijin za ta rufe, in tara ƙurar a tafin hannu. Toka-toka mai laushi, kuma injin na shan wahala: bango mai kyau ko kankare. Yashi tsagwaro yana zuba kamar gari, bakin injin ya faɗa ciki ba turjiya: bulo maras siminti. Ja: jan bulo ko ƙasa. Fari fat kamar alli: allon jifsam ko adon POP, irin wanda ake raba ofisoshi da shaguna da shi a filazojin Wuse da Garki, da wanda ake yi wa falo kwalliya da shi a sababbin gidaje.

Na taɓa zuwa wani gida a Lugbe bayan abin ya riga ya faru. An yi wa falon ado da allo mai fitilu a bayan talabijin, wanda ya ɗaura kuma ya sa fisha, wato robar da ake bugawa a rami don ta riƙe noti, a jikin allon kawai, bai kai ga bulon da ke bayansa ba. Wata biyu tana lafiya. Ran nan yaron gidan, ɗan shekara huɗu, ya kama gefenta zai juyo da ita saitinsa. Allah ya kiyaye, a kan kujera ta faɗa, ba a kansa ba. Da na ɗaga maratayin, fisha huɗun na nan a jikin notuna, kowace da ɗan gutsuren farin allo kamar an gatsi biskit. Maigidan yana ta cewa, "Wallahi Malam, mai tsada na saya." Na ce masa, "Alhaji, ƙarfen bai yi maka laifi ba."

Ga abin da ya dace da kowane bango. Kankare da bulo mai kyau: fisha mai kauri, milimita 10, da dogon noti, ko notin ƙarfe mai buɗewa a ciki idan kankare ne zalla. Bulo mai rauni: nemi saitin nama ko fila, in bai samu ba, a huda bangon ya fita ta ɗaya ɗakin, a zura dogon ƙarfe mai zare, a sa faranti da noti ta baya. Wasu kuma sukan fasa wurin su cika da kankare, su jira ya bushe na kwanaki. Allon jifsam: dole noti ya kama ƙarfen da ke cikin bangon, wanda maganaɗisu zai nuna maka, ko a sa katako mai kauri ta baya. Idan akwai bulo a bayan adon, a nemi notin da zai ratsa allon ya shige bulon sosai.

Gargaɗi: bangon da banɗaki ko kicin ke bayansa akwai bututun ruwa a ciki. Bangon da ke jiƙa da damina, wanda fentinsa ke kumbura, bar shi. Ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ma bar shi, ranar da ta fara ɗigo a kan talabijin za ta zuba.

Idan haya kake, gaya wa mai gida ko kiyateka kafin ka huda. Ramuka huɗu ba komai ba ne, amma na ga an riƙe wa mutum kuɗin ajiyarsa a kansu ranar tashi.

4. Yanzu zaɓi irin maratayin

Iri uku ne a kasuwa.

Mai mannewa, wanda ba ya motsi ko kaɗan. Shi ne mafi araha, mafi ƙarfi, kuma shi ne ya fi tausaya wa bango, don nauyin kai tsaye ƙasa yake ja. Idan kujerunku na fuskantar talabijin sak kuma za a sa ta daidai ido, kada ka wahalar da kanka da wani. Aibinsa ɗaya: yana matse ta da bango. In ramukan HDMI ɗinka baya suke kallo, wayar ba za ta shiga ba sai da kai mai lanƙwasa, kuma duk ranar da za ka soka wani abu sai an sauke ta.

Mai sunkuyowa, wanda ke duƙar da kai ƙasa kamar digiri 10 zuwa 15. Wannan na ɗakin kwana ne, ko shago, ko gidan kallon ƙwallo, ko duk inda dole a ɗaga ta sama saboda yara. Yana kuma rage hasken taga da na fitila da ke faɗowa a allo, ga ɗan sarari a baya da hannu zai shiga. Kuɗinsa bai fi na farkon da yawa ba, kuma shi na fi ba mutane shawara.

Mai hannu, wanda ake jawowa gaba a juya dama ko hagu. Shi ne kowa ke sha'awa a shago, shi ne kuma ke kawo mini aikin gyara. Riƙe bokitin ruwa a jikin ƙirjinka, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka gane abin da bango ke ji. Da zarar an jawo talabijin santimita 40 ko 50 daga bango, notunan sama ba ƙasa ake jan su ba, waje ake fizgo su. Saboda haka mai hannu sai bango mai kyau. Idan talabijin ta kai inci 50, nemi mai hannu biyu da faffaɗan farantin bango, ba mai siririn faranti mai noti biyu ko uku a jere ba. Sannan ka yi lissafin juyawa: faɗin inci 55 wajen santimita 123 ne, rabinsa 61 da ɗoriya. Hannun da bai kai wannan tsawon ba ba zai bar ta ta juya gaba ɗaya ba, gefenta zai daki bango. Ga mai son sa ta a kusurwa, ko falon da ya haɗe da wurin cin abinci, shi ne daidai. Ga wanda zai juya ta sau ɗaya ya manta, asarar kuɗi ce.

5. A kasuwa

Ana samun su a kasuwar Wuse, da Banex, da Utako, da shagunan kayan wuta na kowace unguwa. Fisha da notuna masu kyau kuwa sai wajen masu kayan gini, irin na Dei-Dei. Tafi da hotonka da lambobinka biyu, VESA da nauyi. Yaron shago zai nuna maka kwali mai rubutun "26 zuwa 55" ya ce, "Yallaɓai, wannan kowace iri yake ɗauka." Ce masa ya buɗe.

Auna da tef ka tabbatar ramukan sun kai tazarar taka, a kwance da a tsaye. Ɗaga shi ka ji nauyi. Kama farantin da hannu biyu ka gwada murɗawa. In ya lanƙwashe a hannunka kamar murfin gwangwani, mayar masa. Duba walda a mahaɗar hannu, ka buɗe ka rufe, kada ya yi sako-sako kuma kada ya ƙage. Tabbatar akwai makulli a ƙasan sanduna biyun da ake ɗaurawa a bayan talabijin, ko noti ko igiyar ja, wanda ke hana talabijin zamewa idan an tura ta sama. Farantin bango mai dogayen ramuka a kwance ya fi, don zai ba ka damar matsawa ka samu naman bulo. Zazzage ledar notuna a kan kanta, ka ƙirga.

Maganar kuɗi: farashi na bin dala, kuma shago biyu maƙwabta sai su bambanta sosai, don haka taya uku kafin ka biya. Mai hannu na kirki yakan ninka mai mannewa fiye da sau ɗaya. Kada ka tsaya ga kuɗin ƙarfen kaɗai. Lissafa da fisha da notunan da za ka canza, da doguwar wayar HDMI, da robar ɓoye waya, da soket idan za a ƙara, da ɗan kantar ajiye dikoda, da ladan mai ɗaurawa. Ku yi ciniki da shi tun kafin ya huda, kuma ka tambaye shi ko da kayan aikinsa zai zo. Karɓi rasit, ka kuma yi sharaɗin canji idan bai zauna ba.

Gargaɗi: fishar da ke zuwa cikin kwalin masu araha gajera ce, robarta kuma mai tsagewa. Ni zubar da ita nake yi.

6. Notunan bayan talabijin

Kauri uku ne: M4 ga ƙanana, M6 ga matsakaita da manya da yawa, M8 ga wasu manyan, kamar yawancin na Samsung. Noti ya shiga da yatsa cikin sauƙi. In sai ka tilasta masa, ba nasa ba ne.

Tsawo shi ne haɗarin. Noti ya yi gajere, zare biyu kawai zai kama. Ya yi tsawo, ya tokari abin da ke ciki, ya lalata allo. Zura tsinken sakace a ramin a hankali har ya tsaya, ka riƙe da farce, ka fito da shi: zurfin ramin ke nan. Haɗa da kaurin sandar maratayi da na wasa, wato zoben ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin kan noti, notinka ya gaza wannan jimlar da kaɗan. Robobin nan masu kama da zobe da ke cikin leda ba shara ba ne. Da su ake cike tazara idan bayan talabijin yana da tudu ko noti ya ɗan yi tsawo. Ɗaura da sukudireba a hannu, ban da inji.

7. Tsayi

Masu ɗaurawa da yawa a tsaye suke aunawa, shi ya sa za ka shiga gida ka tarar da talabijin kusa da silin. A gidan yayana haka aka yi, Hajiyarmu ta zo daga gida ta zauna a kafet ta ɗaga kai, ta ce, "Ku kuma kullum duban wata kuke yi?" Washegari aka kira ni.

Zauna inda kuke zama, wani ya auna daga ƙasa zuwa idonka. A kan kujera yakan kama santimita 100 zuwa 110. Tsakiyar allo ke nan. Amma a gidajenmu rabin masu kallo a ƙasa suke, mata da yara da tsofaffi, don haka kada ka haura wannan sai da dalili. In yara ƙanana sun tilasta maka ɗagawa, ɗaga kaɗan ka sa mai sunkuyowa. Yanka kwalin daidai girman allon, ka manna a bango da salatif, ku yini kuna kallonsa. Za ka kuma ga inda rana ke dukan bangon da hantsi da la'asar.

Ramukan baya ba lallai su kasance a tsakiyar talabijin ba, da yawa sun fi kusa da ƙasa. Don haka ɗaura sandunan a bayanta, maƙala farantin bango a jikinsu tana kwance, ka auna daga gindin talabijin zuwa ramin sama na farantin. Misali: kana son gindinta ya tsaya a santimita 75 daga ƙasa, awon ya ba ka 45, to ramukan sama a 120 za su zauna.

8. Huda da ɗaurawa

Tanadi tef, fensir, injin huda mai bakin kankare daidai kaurin fisha, guduma, sifana, sukudireba, da ma'aunin nan mai ƙwayar ruwa da magina ke kira fulam. Kada ka bi layin tayil ko silin, su ma sukan karkace.

Ɗora farantin a bango, daidaita da fulam, yi alama huɗu ko shida. Naɗa salatif a bakin injin daidai tsawon fisha da ɗan ƙari, don ka san inda za ka tsaya. Huda a miƙe. A bulo mai rami fara ba tare da kunna dukan injin ba, in ba haka ba sai ya farfashe fatar bulon ta ciki ya bar ka da filasta kawai. Hure ƙurar, buga fisha har ta shafe da bango. In ta shige da turin yatsa ko tana juyawa da noti, ramin ya lalace. Matsa gefe ka sake, kada ka cusa ashana ko guntun katako, wannan dabarar labule ce. Ɗaura notuna, kowane da zoben ƙarfensa, sake duba fulam kafin ka ƙarasa tamkewa.

Gargaɗi: kada ka huda saitin soket ko makunni, sama ko ƙasa ko gefe, nan bututun waya ke bi. A wasu gidajen ma a karkace aka ja shi. Kashe layin ɗakin daga akwatin wuta, ka jawo wa injin wuta daga wani layin. Idan ka ji ya taɓa roba ko ƙarfe, tsaya nan take.

Kafin talabijin ta hau, kama farantin da hannu biyu ka ja ƙasa da ƙarfi, ka jijjiga. Mai hannu kuma miƙe shi gaba ɗaya ka danna ƙarshensa. Ko ɗan motsi ka gani, ko ƙura na zubowa daga bayan faranti, a sake aiki.

9. Rataya, kulle, jera waya

Soka wayoyin da ke baya tun tana ƙasa. Ku ɗaga ku biyu, kowa hannu ɗaya a gindi ɗaya a gefe, ban da matsa gilashi. Ku maƙala ƙugiyoyin sama, leƙa ta gefe ka ga duka biyun sun zauna, sannan ku saki a hankali. Ɗaura makullin ƙasa nan take. Shi ake mantawa.

Ga mai hannu, bar wa wayoyi rara yadda za ta juya ba ta fizgi HDMI ba. Kada dikoda ko abin kariyar wuta ya yi lilo da wayarsa, a samo musu kanta ko a ɗaure su. Kada a toshe ramukan iska da ke bayanta da tsumma ko leda don gudun ƙurar hunturu, goge ta kawai.

Bayan mako biyu, leƙa saman farantin da tocila. Idan ka ga ya fara rabuwa da bango, ko fenti ya tsage kewaye da noti, sauke ta a ranar. Ƙafafun talabijin da notunansu kuma zuba su a leda ka rubuta suna, ka ajiye tare da rasit, don gidan da za ka koma bangonsa na iya ƙin ɗauka.